Shamsun da Dalila a Zanen Ɗab'in Turai

Wajen 1497, Albrecht Dürer na Jamus ya sassaƙa Shamsun a katakon ɗab'i yana yage bakin zaki. Wajen 1507, Lucas van Leyden na Holan ya zana shi a tagulla yana barci a cinyar Dalila, tana datse gashinsa. Na farko ya tattara ƙarfi a damtse, na biyu ya ɗora wa mace cin amanar kacokan. Alhali babi na 16 na Littafin Alƙalai ya nuna wani namiji ta kira ya yi askin, shugabannin Filistiyawa kuma suka saye ta da azurfa. Ƙissar ba ta cikin Alƙur'ani. Ɗabari ya kawo makamanciyarta a Tarihinsa. Wajibi ne ɗalibin Isra'iliyyat ya auna mai zane da ma'aunin maruwaici, domin shi ma yana ƙari yana ragi.