Jelar Jirgi Ba Ta Son Gaggawa

A ɗakina da ke Shisha, kan hanyar Mina, akwai tebur ɗaya da ba a cin abinci a kansa. A nan nake haɗa ƙananan jiragen da ake tuƙawa da rimot. Samaniyar Makka ba wurin tashinsu ba ce, kuma tun 2019 hukumar sufurin jiragen sama ta Saudiyya, GACA, ta buɗe hanyar rajista da neman izini ta intanet, don haka sai mun yi nisa da gari kafin mu sa farfela ta juya. Wannan ya sa tashi ɗaya yake da tsada a wurinmu, ya kuma sa nake jin zafin abin da ke faruwa da jelar jirgi a hannun samarinmu.

Yayin yanzu shi ne sauri. A sayo jirgin soso da aka kusa gamawa a masana'anta, ko a yanka kwalin soso kamar yadda masu tashar Flite Test ta Amurka suka koya wa duniya, a ɗauko bindigar gam mai zafi, cikin minti biyar an manna jela. In ta ɗan karkace, sai a ce ba komai, ai akwai na'urar daidaita tashi a ciki, za ta gyara. Ba na ƙin soso. Shi ya buɗe wa yaron da ba shi da kuɗin katakon balsa ƙofa, kuma na yi murna da haka. Abin da nake ƙi shi ne a mai da na'ura mayafin rufe aikin da ba a yi daidai ba.

Jela gida biyu ce: shimfiɗaɗɗen faifai da ke hana hancin jirgi rawa sama da ƙasa, da tsayayyen faifai mai ɗauke da linzami. Kafin gam ya taɓa ko'ina, nakan soka allura a tsakiyar gangar jirgi ta wajen hanci, in ɗaura zare, in auna zuwa ƙarshen faifan dama, in auna zuwa na hagu. Sai sun zo ɗaya. Daga nan in koma bayan jirgin in durƙusa, in haɗa ido da shi, in ga ko faifan ya yi layi ɗaya da fukafukai. Tsayayyen kuwa sukwayar kafinta ce alƙalinsa. In jirgin katako ne mai rufin leda, a yanke ledar inda za a manna, a hankali, kada reza ta ci katakon, domin wannan ɗan tsagin shi ne inda jela za ta karye wata rana a sama. Sannan a sa gam mai haɗi biyu irin Araldite, wanda ke ba mutum lokaci ya duba ya sake dubawa. Gam mai zafi daƙiƙa kaɗan yake bayarwa, ya kama, ko daidai ko ba daidai ba.

Ga kuma abin da masu bidiyon Flite Test ba su da dalilin damuwa da shi. Zafin Makka a bazara yakan haura digiri 45, cikin motar da aka rufe a rana kuwa ya wuce haka nesa. Gam mai zafi da zafi aka narkar da shi, da zafi kuma yake saki. Na taɓa ɗora jirgin wani yaro da nake koya wa a bayan mota, muka tsaya salla da cin abinci a hanya, da muka isa fili faifan jelar ya kwanta gefe guda. Yaron ya yi sati biyu yana jiran ranar. Bai ce komai ba, ya zauna a kan yashi yana riƙe da jirgin, ni kuwa har yau abin yana raina.

Tayar jela ma haka ake yi mata riƙon sakainar kashi. Da yawa sukan soka wayar tayar kai tsaye cikin linzami, su ce ta zauna. Kowane dutse da tayar ta taka, bugun yana bi ta linzami ya sauka a kan haƙoran ɗan injin da ke jansa, har su kakkarye. A ɗaura maƙalar tayar a jikin ganga, nauyi ya sauka a can, a haɗa ta da linzami da sifirin guda biyu ko roba. A kuma tura jirgin a ƙasa ba tare da inji ba, a ga ko yana tafiya miƙe. Jirgi mai tayar baya nauyinsa na bayan manyan tayoyi ne, shi ya sa da ya fara kaucewa yake son ya juya gaba ɗaya ya daki ƙasa da fiffike. Jiragen sojan Ingila uku da suka fara sauka a Kano a 1925 ko taya ba su da ita a baya, ɗan sanda ne ke jan ƙasa, kuma matuƙansu da ƙafa suke riƙe su a kan layi.

Sai nauyi. Jela ta fi hanci nisa daga inda jirgi yake daidaita, don haka giram 10 na gam da aka zuba a baya yakan nemi giram 30 ko fiye na dalma a gaba. Jirgin da bayansa ya yi nauyi ba ya jin magana, kuma na'urar da aka dogara da ita tana da iyakar abin da za ta iya riƙewa.

A 2007 duniya ta ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa helikwafta da injin mota da tarkacen ƙarfe a Kano. Irin wannan hannu muna da shi, a Kano da Zariya da nan unguwannin Makka. Yaron nan da jelar jirginsa ta kwanta a mota ya dawo teburina ranar Juma'a bayan la'asar. Na ɓoye bindigar gam, na miƙa masa allura da zare, muka kankare tsohon gam daga jelar, ya auna sau huɗu kafin ya yarda in buɗe Araldite.