Hannun maharbin Adar

A wasannin Olamfik na Paris, a 2024, hoton wani mutumin Turkiyya mai suna Yusuf Dikec ya zagaye duniya har ya iso wayoyinmu. Dattijo ne mai shekara 51 a lokacin, hannu guda cikin aljihu, ɗayan riƙe da ƙaramar bindiga, da tabarau irin na kowa, ya kuma tashi da lambar azurfa. Daga mita 10 ake wannan harbi, tsakiyar abin da ake auna kuwa faɗinta milimita 11.5 ne kacal. Ba bindigar ce ta burge mutane ba, natsuwar mai riƙe da ita ce.

A Amurka magidanci kan kwashi iyalinsa ranar hutu su tafi filin koyon harbi da ƙananan bindigogi. A Nijar ba a riƙe irin wannan makami sai da izinin hukuma, kuma wanda ya tuna abin da ya faru a ƙauyukan Tiliya cikin watan Maris na 2021, inda aka kashe mutum 137 a yini guda, ba zai ce an tsaurara ba. Amma ita natsuwar ba baƙuwa ba ce a Adar. Tana nan a gidajen maharba, inda harbi gado ne kamar ƙira da jima, uba na miƙa wa ɗa.

Da danko yaro ke farawa, yana korar tsuntsaye daga gonar hatsi. Nan yake gane cewa dutse ba ya tafiya a miƙe, sai an ɗan ɗaga hannu in abu ya yi nisa. In ya tasa, sai a ba shi ƙaramin baka, a kai shi bayan gari, a dasa masa tsohuwar ƙwarya ko gwangwani a jikin suri, don kibiyar da ta kuskure ta sami inda za ta tsaya. Abin da ake fara gyara masa ba hannu ba ne, ƙafa ce. Wanda tsayuwarsa ke rawa, kibiyarsa ma rawa za ta yi. Sannan numfashi: a ja tsirkiya tare da jan iska, a dakata kaɗan, a saki kafin kafaɗa ta fara karkarwa. Mai garaje yakan saki tun bai gama ja ba, mai tsoro kuma ya riƙe har hannunsa ya gaji, dukkansu ƙwarya na nan daram tana kallonsu. Sakin kansa shi ne mafi wuya, domin yatsu ba fizge tsirkiya suke ba, barinta suke ta tafi. Haka mai bindiga yake matsa kunama a hankali, ba ya fizgarta, don kada baki ya karkace a daidai lokacin da harsashi ke fita.

Kibiyar ƙasarmu ba ta da gashin tsuntsu a gindi irin ta Turawa. Kyauro ne marar nauyi, da kan ƙarfe da maƙeri ya ƙera, kuma nauyin ƙarfen nan ne ke jan ta gaba. Maƙeran Adar ba ƙananan mutane ba ne a wannan fanni, a da tama suke narkarwa daga duwatsun ƙasarsu, har wata Bafaranshiya mai bincike, Nicole Echard, ta ɗauki aikinsu a fim cikin shekarun 1960. Irin wannan kibiya ba ta son nisa, ba ta kuma son iskar hunturu. Shi ya sa rabin gwanintar maharbi sanɗa ce. Yana bi ta inda iska ke bugo fuskarsa don kada barewa ta ji warinsa, yana rarrafe cikin tsakuwar fako, wani lokaci ya ɗaura kan burtu a goshi, yana sunkuyawa yana ɗagowa kamar tsuntsun na kiwo, har ya kai inda ya san ba zai kuskure ba. A ganina wannan ya fi tsayawa gaban takardar da ake auna a gasa wuya nesa ba kusa ba, domin takarda ba ta da hanci, ba ta da kunne.

Da bindigar gargajiya ta shigo, ba ta sauƙaƙa komai ba. Ta baki ake ɗura mata albarushi da dalma, a danna da sanda, kuma harbi ɗaya gare ta. In an kuskure, kafin a sake ɗuri zabin daji sun kai wani kwari. In an cika mata ciki, tana iya fashewa a hannun mai ita. Mai irin wannan makami dole ya koyi haƙuri.

Kafin a bar yaro ya saki, akwai tambayar da tsoho kan yi masa: "Kai yaro, mi ka gani bayan abin?" Sai ya ce, "Ba komi, Baba." Tsoho ya ce, "Sake dubawa, kana ka halba." Wataƙila akuyar maƙwabci ce, wataƙila mace ce ta fito neman itace. Ba a nuna mutum da makami ko da wasa, ba a shiga gida da kibiya a ɗane. Addini ma haka ya koyar. Hadisai ingantattu sun nuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tarar da mutanen Banu Aslam suna gasar harbi ya ƙarfafa musu gwiwa, amma ya hana a nuna ɗan'uwa da makami, ya umarci mai ratsa kasuwa ko masallaci da kibau ya riƙe tsininsu, ya kuma hana a ɗaure abu mai rai don a koyi harbi da shi.

Yau dajin ya rame. Farin 1973 da na 1984 sun ci namun dawa, gonaki sun cinye kurmi, doka mai lamba 98-07 ta 1998 kuma ta kafa wa farauta lokaci da sharaɗi, kuma daidai ne. Abin da ke damuna shi ne kada hannun ya tafi tare da naman. Kokowa ma wasan ƙauye ce bayan kaka, sai da aka buɗe mata gasar ƙasa a nan Tawa a 1975 ta zama abin da Nijar duka ke tsayawa kallo. Sarakunan Adar da magadan gari, daga Illela zuwa Keita da Barmu, ku ware wa maharba fili ranar hawan salla, a dasa allo a jikin tudu, tsofaffi su zo da bakunansu da jikokinsu, maza da mata, a gwada hannu tun masu koyarwar suna raye.