Jandarma da masu tsirara: wa ake yi wa dariya?

Na fi son mu kalli Le Gendarme de Saint-Tropez, fim ɗin Jean Girault na 1964, da idon mai nazarin alama. Louis de Funès ya fito a jandarma Cruchot, shi da abokan aikinsa suna farautar masu yawo tsirara a bakin teku, a kudancin Faransa. Mutanen suna da ɗan tsaro. Da ya hango jandarmomi sai ya sanar, kowa ya zura tufafinsa, hukuma ta iso ta tarar ba laifi.

To, a ganina nan ƙarfin fim ɗin yake. Laifin da wando ke shafewa cikin minti guda, wane irin laifi ne? Kaki alama ce, tsiraici ma alama ce, kuma mai kakin ne ke zufa cikin rana. Shi ake yi wa dariya.

Amma fim ɗin yana da rauni: masu tsirarar ba su da baki. Tun 1950 suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa a Faransa, suna kiran abin naturisme, wai komawa ga halitta. Girault bai bari ko ɗaya ya faɗi dalilinsa ba. Mu da kalmominmu, tsirara da zigidir, ke ɗauke da kunya ko hauka, sai mu tashi da zaton mahaukata muka gani. Ba sai mun yarda da su ba, amma ya kamata mu ji hujjarsu kafin mu yanke musu hukunci.