Masagan Bida da Aikin Ƙarau

A birnin Bida, cikin ƙasar Nufe, akwai wata unguwa da ake ce da ita Masaga. Mutanenta maƙera ne, amma abin ƙirarsu gilashi ne. Su da kansu suna cewa kakanninsu daga Masar suka taso. Ƙarau da tsakiya irin waɗanda matan Gummi da Anka suka sani, nan ne ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen yinsu.

A Turai, kamar tsibirin Murano na Italiya, mai aikin gilashi busa shi yake yi da dogon bututu har ya kumbura. Masaga kuwa ba su busawa. Mai ƙira yakan ɗebo narkakken gilashi a bakin sandar ƙarfe, yaro na zuga wuta, shi kuma yana juya sandar yana buɗa ramin tsakiya da wani ƙarfe, har ƙarau ya fito zagayayye, babu mahaɗi ko ɗaya. A nan gwanintar take. In hannu ya yi nawa gilashin ya daskare, in ya yi gaggawa gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri.

Da fari su ne suke haɗa gilashin da kansu. Sukan gama yashi da kanwa, su dafa cikin ramin wuta kwana da kwanaki, sai ya fito baƙi wuluk. Shi ne suke kira bikini. Baturen Jamus Leo Frobenius ya je Bida a 1911, S. F. Nadel kuma ya bayyana sana'ar cikin littafinsa na 1942. Tun a zamanin Nadel kwalaben Turai sun riga sun shiga maƙerar.

To, kwalba ta zo da riba. Ta ba su kore da shuɗi da fari, ta rage musu cin itace, ado kuma ya yawaita. Wanda ya ce aikin kwalba ba shi da kyau bai yi adalci ba, gama waɗansu tsakiyoyi masu zane sun fi na da ɗaukar ido. Amma launin kwalba na mai kwalba ne. Baƙin bikini shi ne wanda ba a samunsa sai a Bida, kuma shi aka bari, har ya zama sai tsofaffi kaɗan ne suka san yadda ake dafa shi. Maƙerin da yake jiran a shanye abin da ke cikin kwalba kafin ya hura wuta, rabin sana'arsa yana hannun wani.

A 2019 Masaga sun sake haƙa rami, suka dafa bikini bayan shekaru masu yawa da dainawa. A 2021 kuma hukumar UNESCO ta sa Bida cikin biranen da suka yi fice a sana'ar hannu.