Shaihu Umar: Wa Ya Yi Kukan Mutanen da Makau Ya Kamo?

Kai ɗan'uwa da ka koyi karatu bara ko bana, da ke ƴar'uwa, yau maganar wani littafi za mu yi muku. Sunansa Shaihu Umar. Ba shi da kauri, Hausarsa kuma ba ta da wuya. Wanda ya iya haɗa baƙi, in ya dage, zai gama shi cikin ƴan kwanaki, ko da sai bayan sallar lisha yake samun zama ga fitila.

Wanda ya rubuta shi Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, mutumin ƙasar Bauci ta Nijeriya. An haife shi cikin 1912. Lokacin da ya yi wanga littafi malamin makaranta ne, saurayi. Cikin 1933 wani Bature mai suna Rupert East ya kira malamai su yi gasar rubuta labari da Hausa. Daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da wanga namu. An buga shi cikin 1934. Cikin 1976 Adamu Halilu ya mai da shi silima.

Ga yadda labarin yake a taƙaice. Wani babban malami ne zaune a garin Rauta yana ba da karatu. Ran nan almajiransa suka tambaye shi asalinsa, sai ya ba su labari. A Kagara aka haife shi, maraya. Uwarsa ta auri wani bafaden sarki mai suna Makau. Sarki yana son Makau, sauran fadawa suna jin haushi. Da aka tafi hari aka komo da bayi, sai suka yi masa ƙage, suka ce ya ɓoye waɗansu bai kawo wa sarki ba. Aka kore shi daga gari. Cikin wannan ruɗami aka sace Umar yana ƙaramin yaro. Kura ta cinye ɓarawon. Yaro ya faɗa hannun waɗansu mutane, su ma mahara suka auka musu. Haka aka yi ta wucewa da shi hannu zuwa hannu har Kano. Can wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ɗauke shi, ya ƙetare hamada da shi zuwa garinsu, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama malami.

Uwa kuwa ba ta zauna ba. Ta fita neman ɗanta. Aka yaudare ta, aka sayar da ita, ta bi hamada cikin bauta har Tarabulus. Bayan shekaru masu yawa Allah ya haɗa su. Ba ta daɗe ba ta rasu. Bisa hanyar komowa ƙasar Hausa guguwar rairayi ta binne ayarinsu. Umar ya tsira, ya zo ya zauna Rauta.

Abin da ya fi kyau cikin littafin shi ne halin Umar. Ka ƙidaya abin da aka yi masa. An raba shi da uwarsa. An sayar da shi kamar akuya. An wulaƙanta uwar har ƙarfinta ya ƙare. Da ya girma ya samu ilimi da daraja, yana da bakin da zai yi Allah ya isa jama'a su ce amin. Bai yi ba. Bai nemi waɗanda suka cuci uwarsa ba. Bai tara almajirai ya ce su ɗauki kwari da baka ba. Ya shimfiɗa buzu ya koyar da karatu. Mai littafin bai yi dogon wa'azi bisa wannan ba, ya dai bar mutum ya gani da kansa, kuma hakan ya fi shiga zuciya.

In kana so ka ga bambanci, nemi Jiki Magayi, wanda aka buga a wancan lokaci. Can wani saurayi ne mai kuɗi ya ƙwace masa budurwa. Ya rantse sai ya rama. Ya sha wahala ya samo asiri, amma bisa ɗan da aka haifa ya jefa shi. Yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba ya lalace, ya zama ɓarawo, har jinin ubansa ya hau kansa. Gida ya mutu, shi mai ramuwar ma bai ga daɗi ba.

Halin Umar ba Tafawa Ɓalewa ya ƙago shi ba, daga addini ya ɗebo shi. Ka tuna labarin ɗiyan Annabi Adamu biyu cikin suratul Ma'ida. Ɗaya ya yi niyyar kashe ɗan'uwansa don hassada, ɗayan ya ƙi miƙa hannu ya rama don tsoron Allah. Ka tuna Annabi Yusufu. Ƴan'uwansa suka jefa shi rijiya, ayari ya sayar da shi a Masar, da ya samu mulki suka zo gabansa da yunwa, ya yafe musu. Duk wanda ya san wannan sura zai ga inuwarta cikin labarin Umar: hassada, sayarwa, ƙasar Larabawa, ɗaukaka.

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya tarar da Larabawa cikin ramuwar jini. A Madina, Ausu da Hazraju sun yi shekaru suna kashe juna, wannan ya rama na kakansa, wancan ya rama na ubansa. Musulunci ya haɗa su. Shekara ta 8 bayan hijira ya shiga Makka da rinjaye, ga mutanen da suka kore shi a hannunsa, ya sake su. Wahashi, wanda ya kashe baffansa Hamza ranar Uhudu, ya musulunta, ba a kashe shi ba. A hajjin ban kwana ya soke duk bashin jinin jahiliyya, kuma jinin danginsa ya fara sokewa. Shari'a ta yarda da ƙisasi, amma ta ɗaure shi. Alƙali ke yanke shi. Bisa wanda ya yi laifi kaɗai yake hawa, ba ya hawa ɗansa ko ƙanensa ko mutanen garinsu. Kuma an buɗe ƙofar diyya da ta yafewa.

To, yanzu ga inda muke da magana da littafin. Koma farkonsa, wurin harin. Sarki ya ce a tafi, Makau da sauran fadawa suka hau dawaki, suka auka wa mutanen ƙauye waɗanda ba su salla, suka kamo su. Littafin ya nuna mana Makau mutumin kirki ne, mai gaskiya, ba ya cin amanar sarki. Muna jin tausayinsa da aka yi masa ƙage. Amma bisa me aka yi gardamar? Bisa yawan mutanen da ya kamo. Ba wanda ya tambayi ko daidai ne a kamo su. Su waye su? Ba a faɗi sunansu ba. Manoma ne kamar ku. Kowane ɗayansu yana da uwa, kuma ita ma ta yi kuka irin na uwar Umar. Littafin ya bi uwa guda har Tarabulus, sauran ko waiwayensu bai yi ba.

Haka Abdulkarim. Ya yi wa Umar alheri matuƙa, ba mai musun wannan. Amma fataucin da ya kawo shi Kano har da na mutane. Yaro ɗaya ya samu allo da tawada. Sauran da aka kora cikin hamada fa? Shaihu Umar, da duk iliminsa, yana ba almajirai labari, ba mu ji ya tsaya ya ce musu wannan ciniki shi ne tushen masifar ba. Abin da ya same shi ya ɗauke shi ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, musulmi bai musunta. Amma ba a laɓewa bayanta a wanke mai laifi. Wanda ya sace yaro da hannunsa ya sace shi, kuma za a tambaye shi.

Duk da haka, in ka karanta a hankali, labarin ya faɗi abin da Shaihun bai faɗa ba. Kasuwar da Makau ya kai ɗiyan wasu, ita ce ta haɗiye matarsa da agolansa. Ko a dokar malaman wancan zamani, Umar da uwarsa ɗiya ne, musulmi, haramun ne a sayar da su. Amma wa ya tambaya? Mai saye kuɗinsa ya sani, mai kamu kuma duk wanda ya samu babu mai tsaron baya nasa ne. An buɗe ƙofar don arna, ta ci masu salla. Ko Tafawa Ɓalewa da gangan ya jera abin haka, ko labarin ne ya fi ƙarfin mai shi, mu dai a ganinmu nan ne littafin ya fi nauyi. Mugunta cikin Shaihu Umar ba ta tsaya ga fadawa masu hassada da ɓarawon yaro ba. Mutanen kirki ma suna cikinta dumu-dumu, suna salla, suna riƙon amana, suna kai hari.

Wanga labari ba na nesa ba ne gare mu. Ayarin da ke tashi Kano zuwa Tarabulus ta Damagaram da Agadas yake bi, wani kuma daga Barno ta Bilma zuwa Murzuk. Bayan jihadin 1804, sarakunan Katsina da aka kora suka kafu a Maraɗi, Gobirawa suka kafu a Tsibiri. Daga nan har zuwan Nasara, hari bai yanke ba tsakaninsu da ƙasashen Sakkwato. Bana waɗannan su ƙone garuruwan waɗancan, baɗi waɗancan su zo ramuwa. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, kowane yana da gawar da yake tunawa. Talakan da ke gona shi ke biya. Tambayi tsofaffin garinku, da wuya a rasa gidan da aka kama wani nasu, ko gidan da aka kawo wani cikinsa. Bautar ma ba ta mutu da wuri ba: sai cikin 2003 Nijar ta yi dokar da ke hukunta mai riƙe bawa.

Shi kansa mai littafin abin da ya same shi ya isa a yi tunani. Ya zama firaminista na farko a Nijeriya. Ran 15 ga Janairu 1966 waɗansu sojoji suka yi juyin mulki, suka kashe shi, suka kashe Sardauna Ahmadu Bello da waɗansu manya. Da yake yawancin hafsoshin da suka yi abin Ibo ne, sai fushi ya hau kan Ibo duka. Cikin wannan shekara aka kashe dubbansu a garuruwan arewa, ƴan kasuwa da ma'aikata da ba su taɓa riƙe bindiga ba. Cikin Yuli sojojin arewa suka yi nasu juyin, suka kashe Janar Ironsi. Daga 1967 zuwa Janairu 1970 aka yi yaƙin Biyafara, yunwa ta kashe yara ba iyaka. Da sunan ramuwar jinin mutumin da ya rubuta Shaihu Umar aka fara wannan.

A gida ma mun gani. Cikin Oktoba 1991, a Toda cikin jihar Maraɗi, rigimar manoma da makiyaya ta kai aka kashe mutum fiye da 100, yawancinsu Fulani mata da yara. Jaririn da ke goye bai kora shanu gonar kowa ba. Manomin da aka cinye wa gero yana da gaskiya, wahalar damina guda ce ta tafi. Hakkinsa yana wurin mai gari da sarki da alƙali, a ƙiyasta ɓarna a biya shi. In waɗannan suka karɓi toshiya suka danne gaskiya, su ne suka fara hura wutar, don mutumin da aka hana shari'a shi ke zuwa ya wasa adda.

Nan ma littafin ya gaza kaɗan. Ya koya wa wanda aka cuta haƙuri, bai ce kome ba ga mai iko. Sarkin Kagara ya saurari ƙarya ya kori bawan Allah, labari ya wuce. Addini kuwa abu biyu ya ɗora mana tare: wanda aka zalunta kada ya wuce iyaka, jama'a kuma su riƙe hannun azzalumi. In aka yi ta karanta wa talaka haƙuri aka bar mai hari da dokinsa, to mai harin aka yi wa aiki.

Akwai ƴan wurare da labarin ya yi gaggawa. Haɗuwar uwa da ɗa, wadda mai karatu ya daɗe yana jira, ta wuce da sauri, kamar mai littafin yana jin nauyin ya nuna hawaye. Makau ma an bar shi can baya. Amma waɗannan ƙananan abubuwa ne, ba su hana a ji daɗin karatu.

Malamin karatun manya da ya samu littafin, ya karanta wa ajinsa shi kaɗan-kaɗan, a bar kowa ya karɓi layi biyu ko uku. In an zo wurin da mahara suka komo gaban sarki ana ƙidayar bayi, a rufe littafi tukuna. A tambayi aji: in da ɗaya daga cikin waɗanda aka ɗaure a ƙofar fada ne ke ba da labarin, me zai ce game da Makau? Wanda ya iya rubutu ya rubuta amsarsa a takarda, ya ba malami ya aiko mana.