Ruwan ɗorawa da baƙin fiyano

Aikina a gidan rediyo shi ne in sa mai sauraro ya ga abu da kunnensa. Shi ya sa na daɗe ina kallon zanen Wassily Kandinsky, ɗan Rasha, mai suna "Impression III", domin shi ido yake so ya ji sauti.

A farkon Janairun 1911, Kandinsky ya halarci wani taron kiɗa a birnin Munik na Jamus, inda aka kaɗa kiɗan Arnold Schoenberg, wanda ya kauce wa tsarin da kunnen Turawa ya saba da shi. Bayan 'yan kwanaki ya yi wannan zane. A sama akwai wani baƙin dunƙule, wato fiyano, amma ba ƙafa ba maɓallai. 'Yan kallo kuwa ɗige-ɗigen ja da shuɗi da fari ne kawai, duk sun karkata wajen baƙin nan. Sai launin ruwan ɗorawa ya malale ɓangaren dama, yana neman shanye mutanen. Wannan ruwan ɗorawa shi ne kiɗan.

Inda na saɓa da shi, a littafinsa kan ruhi a fasaha ya raba wa launuka muryoyi: ruwan ɗorawa na da tsinin ƙarar ƙaho, shuɗi mai haske kamar sarewa. Ni idan na ji kakaki, ja da kore nake gani, kayan dogarai ranar hawan Sallah. Ashe launin da sauti ke kawo wa mutum ya danganta da inda ya tashi. Da zanen ya dogara ga wannan rabo, da sai wanda ya karanta littafin ne zai ji shi.

Abin da ya ceci zanen motsi ne. Baƙin yana da nauyi, ya tsaya. Ruwan ɗorawan yana kwarara. Mutanen sun sunkuya. Ido na tafiya daga nauyi zuwa haske, ya dawo, kamar yadda kunne ke bin amshi. Duk wanda ya taɓa zama a taron da kiɗa ya kama kowa ya san wannan sunkuyon. Ban san launin kiɗan Schoenberg ba, amma zanen ya nuna mini yadda ya ja mutanen ɗakin.