Kwaikwayon Murya da Gina Hali: Nazari a Kan Rayuwa da Ayyukan Mel Blanc (1908-1989)

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin wasan kwaikwayo sun saba mai da hankali ga ɗan wasan da ake gani a dandali ko a majigi, su bar wanda muryarsa kawai ake ji. Wannan kuwa giɓi ne babba, domin wasan rediyo da fina-finan zane, waɗanda aka fi sani da katun, da kuma fina-finan da ake juya wa harshe, irin na Indiya da ake sa wa Hausa a Kano, duk a kan murya suka dogara. Manufar wannan takarda ita ce ta dubi rayuwa da ayyukan Mel Blanc, ɗan wasan ban dariya na ƙasar Amurka wanda aka yi wa kirari da “mai murya dubu”. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, wannan kirari ya karkatar da hankalin jama'a zuwa ga yawan muryoyin, alhali gwanintar mutumin tana ga yadda yake gina hali da murya. Za a kuma nuna cewa duk inda ya tsaya ga kwaikwayon lafazi kurum, nan ne aikinsa ya fi rauni.

2.0 Taƙaitaccen Tarihinsa

An haifi Melvin Jerome Blank a birnin San Francisco ranar 30 ga Mayu, 1908, ya kuma tashi a Portland ta jihar Oregon. Kalmar da ke sunan gidansu tana nufin “wayam” a Ingilishi. Kamar yadda shi da kansa yake faɗa, wani daga cikin malamansa ya taɓa yi masa gori da cewa zai ƙare wayam kamar sunansa, shi ya sa ya sauya harafin ƙarshe, sunan ya koma Blanc. Da kiɗa ya fara neman abinci, sa'an nan ya shiga gidan rediyon KGW a 1927. A 1933 shi da matarsa Estelle suka riƙa gabatar da wani shiri a gidan rediyon KEX, kuma da yake babu kuɗin ɗaukar 'yan wasa, shi ne yake yin muryoyin mutanen shirin iri-iri.

Ya koma Los Angeles a 1935. A ƙarshen 1936 ya sami shiga kamfanin Leon Schlesinger, mai yi wa Warner Bros. fina-finan zane. A 1937 aka ba shi muryar alade Porky, a fim ɗin da agwagwa Daffy ta fara fitowa. A 1940 ya yi muryar zomo Bugs Bunny a fim ɗin A Wild Hare na Tex Avery. Daga nan sai kanari Tweety, da muzuru Sylvester, da masifaffen ɗan bindiga Yosemite Sam, da zakara Foghorn Leghorn. A lokaci guda kuma yana cikin shirin rediyo na Jack Benny, inda yake fitowa a malamin goge Bafaranshe, da aku, da mai shelar tashin jirgin ƙasa, har ma da tarin tsohuwar motar Benny idan ana tayar da ita. Daga 1960 ya yi aiki da kamfanin Hanna-Barbera, ya yi muryar Barney Rubble a shirin talabijin na The Flintstones. Ya rasu ranar 10 ga Yuli, 1989, yana da shekara 81.

3.0 Yadda Ake Aikin

Kafin a yanke hukunci a kan gwanintarsa, wajibi ne a san yadda ake shirya irin waɗannan fina-finai. Galibi tsawon kowane ɗaya minti shida ne zuwa bakwai. Muryar ake fara ɗauka, sa'an nan masu zane su auna kowace gaɓa ta magana, su zana motsin baki da na jiki daidai da ita, a bisa lissafin hoto 24 a cikin daƙiƙa guda. Ma'anar wannan ita ce, inda ɗan wasan ya ja numfashi, ko ya yi jim, ko ya daka tsawa, shi zai ƙayyade abin da mai zane zai zana. Watau mai murya ne ke gaba, zane yana biye.

Haka kuma na'ura tana da nata rabo. Muryoyin Daffy da Porky da Tweety duk ƙara musu sauri ake yi bayan an ɗauka, don su siranta. Hasali ma muryar Daffy da ta Sylvester kusan ɗaya ce a bakin Blanc, da tsamin baki iri guda, sai dai an ƙara wa ta Daffy sauri. To, idan yawan muryoyi ne ma'auni, wannan ya rage masa lissafi ke nan. Amma babu mai sauraren da zai rikita su biyun, domin Daffy mai haɗama ce da hassada da rawar kai, shi kuwa Sylvester wahalalle ne wanda kullum yake shan ƙasa yana ƙoƙarin riƙe girmansa. A halin ne bambancin yake, kuma Blanc yana fito da shi ta wajen saurin magana da inda yake danna kalma.

4.0 Gina Hali da Murya

Misali na farko shi ne Porky. Wanda ya fara yin muryar, Joe Dougherty, mai in'ina ne na gaske, ba ya iya sarrafa ta, saboda haka ɗaukar magana takan ci lokaci da kuɗi. Blanc ya mai da in'inar dabara: Porky yakan kama kalma ya yi ta fama da ita, in ta gagara sai ya sake ta ya ɗauko wata mai ma'ana ɗaya, ya faɗe ta sumul. A wurin sauya kalmar dariyar take, kuma tana nuna mutum mai kunya da haƙuri wanda ba ya son ya ɓata wa kowa lokaci.

Misali na biyu yana cikin fim ɗin Rabbit Fire na 1951, wanda Chuck Jones ya shirya, Michael Maltese ya rubuta. A wani wuri Bugs ya yi shigar agwagwa yana kwaikwayon Daffy, ita kuma Daffy ta yi shigar zomo tana kwaikwayon Bugs. Da mai kwaikwayon murya ne kurum, da sai ya musanya muryoyin biyu ya huta. Blanc bai yi haka ba. Mai saurare yana jin Bugs a ƙarƙashin lafazin Daffy, yana kuma jin Daffy tana ƙoƙarin yin sanyin rai irin na Bugs, abin yana kuɓuce mata. Wannan ba ya yiwuwa sai ga wanda ya riƙe kowane tauraro a matsayin mai tunanin kansa.

Misali na uku shi ne Birds Anonymous na 1957, na Friz Freleng, wanda ya ci lambar Oscar. A nan Sylvester ya shiga ƙungiyar kyanwoyin da suka yi alkawarin daina cin tsuntsu, kamar yadda mashaya ke haɗuwa don barin giya. Dare ya yi, barci ya gagara, kwaɗayi ya taso, har ya faɗi ƙasa yana kuka yana amsa cewa shi mai rauni ne. Mai kallo yana dariya, amma yana jin tausayi, domin kukan ba na wasa ba ne a kunne. A ra'ayin wannan takarda, nan ne ƙololuwar aikinsa.

Ranar 24 ga Janairu, 1961, ya yi mummunan haɗarin mota a titin Sunset na Los Angeles, ƙafafunsa biyu da ƙugunsa suka karye, ya yi dogon suma na kusan mako biyu. Shi da ɗansa Noel sun ba da labarin cewa bai amsa kowa ba sai da likita ya kira shi da sunan Bugs, ya amsa da muryar zomon. Ko yaya aka ɗauki wannan labari, ya dace da abin da ake ji a ayyukansa. Bayan haka a gefen gadonsa aka riƙa kafa na'ura ana ɗaukar The Flintstones, sauran 'yan wasa suna kewaye da shi.

5.0 Inda Aikin Ya Yi Rauni

Akwai aibi biyu da bai kamata a rufe ido a kansu ba. Na farko ya shafi kwaikwayon lafazin wasu al'ummu. A shirin Jack Benny yakan fito a wani Bameksike mai amsa kowace tambaya da gaɓa ɗaya, kuma shi ne muryar ɓera Speedy Gonzales, da ta Frito Bandito, ɗan fashin Meksiko na wata talla da aka daina a 1971 bayan Amurkawa 'yan asalin Meksiko sun yi ƙorafi. A irin waɗannan wurare lafazin ne kaɗai abin dariya, babu wani hali a bayansa sai abin da jama'a suka riga suka ɗora wa mutanen. Mu ma mun san kwaikwayon Hausar baƙi a wasanninmu, amma a barkwanci irin na taubasai kowane ɓangare yana da bakin ramawa. 'Yan Meksiko ba su da wannan dama a rediyon Amurka na wancan zamani. Duk da haka batun ba a miƙe yake ba, don kuwa lokacin da tashar Cartoon Network ta janye fina-finan Speedy a 1999, daga cikin masu jin Sifaniyanci aka sami waɗanda suka nemi a maido su, aka kuwa maido a 2002. Dalili shi ne Speedy, ba kamar sauran ba, yana da wayo da jarunta, kuma shi ke yin nasara. Watau ko a nan ma hali ne ya ceci tauraron.

Aibi na biyu ya shafi tarihi. A da ba a rubuta sunan masu murya a jikin fim. Blanc ya ce ya nemi ƙarin albashi aka hana shi, sai ya nemi a riƙa sa sunansa, aka yarda, aka fara a 1944. Wannan nasara ce ga sana'ar, amma shekaru da yawa sunansa kaɗai ake sawa. Arthur Q. Bryan, mai muryar maharbi Elmer Fudd, wanda rabin daɗin Rabbit Fire nasa ne, ya rasu a 1959 ba tare da an sa sunansa a jikin wannan fim ba. Haka Bea Benaderet da June Foray, masu muryoyin mata, suka daɗe a ɓoye. Kirarin “murya dubu” ya sa jama'a suka ɗauka duk abin da suka ji daga bakinsa ya fito, har da kalaman da Maltese da Warren Foster suka rubuta.

6.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa darajar Mel Blanc tana ga taurari ƙalilan da ya ba hali cikakke, kamar Bugs da Daffy da Porky da Sylvester. Murya kanta tana tsufa: a fim ɗin Who Framed Roger Rabbit na 1988 tsawar Yosemite Sam ta fi ƙarfin maƙogwaronsa, sai Joe Alaskey ya yi ta. Bayan rasuwarsa an sami masu kwaikwayon muryoyin nan har kunne ya kasa bambancewa, wanda ya nuna cewa lafazi abin koyo ne. Saboda haka shawara ga masu koyar da wasan rediyo da masu sa wa fim murya ita ce, su fara tambayar ɗalibi abin da tauraron yake so da abin da yake tsoro, kafin su tambaye shi irin muryar da zai yi masa. Shawara ta biyu kuma ga masu shirya fim da manazarta ce: a rubuta sunan kowane mai murya tun yana raye, kada a maimaita abin da ya sami Bryan.